Ƙarfen Hana Rawa

Na'Allah mutumin Dogarawa ne. Tun da aka buɗe luzin, wato masana'antar siminti, a Malbaza yake jan ɗaya daga cikin manyan motocin da ke kai buhuna Yamai da Maraɗi. Aikin bai ƙi shi ba, shi ne dai ya gaji da jan motar da ba tasa ba. Da ya ji za a yi gwanjon tsofaffin motocin gwamnati a Tawa, sai ya mayar wa mutane makullinsu ya tafi. Ya dawo da Landiroba ruwan toka, ƙofarta ɗaya ɗaure da igiyar rama, amma injinta lafiyayye ne.

Nufinsa ya riƙa ɗaukar 'yan kasuwa daga Dogarawa zuwa Illela ta hanyar daji, wadda sauran direbobi ke gudu da damina saboda yashi da koramu. Sau ɗaya ya gwada, ƙarƙashin motar ya zauna a kan tudun yashi, tayoyi na juyawa a banza. Don haka ya kai ta Konni wurin Labo.

Labo taubashinsa ne, ɗan kawunsa. Makaniki ne, garejinsa inuwar wata babbar bishiyar bedi ce kusa da tasha. Gajere ne mai tumbi, ba ya gaggawar magana. Shi kuwa Na'Allah dogo ne, komai nasa da sauri. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba.

"So nike a ɗaga ta," in ji Na'Allah. "A ƙara mata lam, a sa manyan tayoyi."

Labo ya zagaya motar hannu a baya, ya ce, "Bawana, waɗanda sunka ƙera ta sun san tsawon da sunka ba ta. In ka mai da ta raƙumi, tahiyar raƙumi za ta yi maka."

"Gajere, kai dai tsoro kake kada ka kasa hawa."

Labo ya yi aikin. Ya ciro lam, falle-fallen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi, daga gawar wata babbar mota ya ƙara a ƙarƙashinta, aka sa tayoyi masu faɗi. Mota ta tashi sama har sai da aka ɗaura wa mata ɗan matakala a baya. Korama kuwa ta daina zama abin tsoro. Inda wasu ke tsayawa jiran ruwa ya janye, Na'Allah sai ya sa giya ya ratsa, yana ɗaga musu hannu.

Sai dai motar ta samo wata ɗabi'a. Duk lokacin da ta ɗan yi gudu a kan burji, taya ta daki dutse ko rami, sai sitiyari ya kama kakkarwa a hannunsa. Daga nan gaban motar gaba ɗaya ya ɗauka, ƙofofi na kaɗawa, haƙoran fasinja na haɗuwa. Ba ta dainawa sai ya taka birki ya kusa tsayawa. Matan Dogarawa suka sa mata suna Masassara. In an yi masa magana sai ya ce mota ce mai jini a jika, ba ta son zama wuri ɗaya.

Wata safiya a tsakiyar damina, hatsi ya wuce gwiwa, ya ɗauko mata masu daddawa da wani mahauci da ragonsa. A wata gangara taya ta daki dutse, masassarar ta tashi, wannan karon kuma sitiyarin ya kuɓuce masa. Mota ta bar hanya ta faɗa gonar mutane, ta yi ta kwantar da hatsi, har ta je ta tsaya gaban wani tsoho da ke noma. Babu wanda ya ji ciwo, rago ne kawai ke ta kuka.

Tsohon, Takama sunansa, ya jingina da hauyarsa, ya dubi motar, ya dubi titin da ta share masa a gona.

"Sannunku da zuwa," ya ce. "Gayya kunka zo mani? Ban ko aika ba tukuna."

Matan suka fashe da dariya, har da wadda ƙwaryarta ta kife. Na'Allah ya sauko ya durƙusa. "Baba, a yi mani aikin gafara. Motar ce ta ƙwace."

"To, tunda ta kawo ka, sai ka kama. Hatsin da ta kwantar bai mutu ba, tada shi za a yi a tara mashi ƙasa."

Fasinjoji suka ce za su ƙarasa da ƙafa, tunda kasuwa ba nisa. Wata ta ce ita ƙafarta ba ta masassara. Na'Allah ya tuɓe riga ya wuni yana tada hatsi gindi-gindi, tsohon na gefensa yana ba shi labarin yadda ya taɓa zuwa Kumasi da ƙafa. Da rana ta take suka sha fura tare, kuma da za su rabu Takama ya ba shi ɗanyar yakuwa ya kai gida.

Matarsa Balki ta karɓi yakuwar, ta dubi gwiwoyinsa da suka yi jawur da laka. Labari ya riga shi isowa.

"Maigida, ashe noma kake tahiya yi kullum ban sani ba," ta ce. Ta ɗora masa ruwan wanka, sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Yau gona ce. Ka kai ta wurin Labo tun ba ta samu rijiya ba."

Ya san gaskiya ta faɗa. Amma da ya tuna yadda Labo zai goya hannu a baya yana murmushi, sai ya ji gara a sake ba shi wata gonar ya nome.

Ana cikin haka ya je Malbaza gaida tsofaffin abokan aiki, ya tarar da Landirobar wani injiniyan luzin a inuwa. Ita ma tayoyinta manya ne. Ya tambayi direbanta ko tana kakkarwa, direban ya ce ko kaɗan. Na'Allah ya kwanta a ƙasa ya leƙa. Ya ga wani ƙarfe kamar famfon keke, amma ya fi shi kauri, a kwance a gaba, kai ɗaya maƙale da shasi, ƙarfen da gangar motar ke zaune a kai, ɗaya kan kuma da sandar da ke juya tayoyi. Direban ya ce mai ne a cikinsa, in taya ta fizga sai ya shanye fizgar kafin ta kai hannu. Ya ce a Sakkwato ana samunsa, 'yan can suna kiransa damfa.

"Damfa?" in ji Balki da ya gaya mata. "Allah shi sa ba damfara ba ce anka gutsure wa wutsiya."

Ya sami Mas'udu, wani direban da ke zuwa Sakkwato ɗaukar goro, ya zana masa ƙarfen a ƙasa da tsinke. Ya ce in ya samo, kada ya biya da shi ta garejin Labo, ya aika masa tashar Illela ran kasuwa. A ransa ya gama shiri: zai ɗaura abinsa da kansa, ya je Konni ya wuce ta gaban bedin Labo mota na tafiya sumul, ko hon ba zai yi ba.

Kasuwa ta ci ta watse, wata ta sake ci, ba ƙarfe ba labarinsa. Duk motar da ta shigo tashar Illela sai ya tare ta. Daga baya wani ya ce ya ga Mas'udu a Maraɗi, ya ce ya sayi kayan tuni, ya ba wani direban Sakkwato ya kawo. Na'Allah ya ci gaba da jan motarsa kamar mai rakiyar amarya, fasinja na mitar jaki ma ya fi shi sauri.

Ran nan da hantsi yana wanke mota a ƙofar gida sai ga ƙarar mobilet, ɗan ƙaramin babur. Labo ne. Ya jingine ta, ya shiga ya gaida Balki, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya gama duk wannan sannan ya fito ya zauna a kan turmi.

"Bawana, Illela nawa ka sani?"

"Wace irin tambaya ce wagga? Illela guda ce."

"To. Ni dai na san biyu. Akwai wadda kake zuwa kana nome gonakin mutane a hanya. Akwai kuma ta Ingilishi, nan bayan Konni, wadda in na yi atishawa a gareji ake ce mani yarhamukallahu daga can."

Na'Allah ya tsaya da tsumma a hannu. Ya san Illelar Najeriya sarai, ya sha cin kasuwarta, amma ko sau ɗaya ba ta faɗo masa a rai ba. Ga direban Sakkwato kuwa, ai ita ce Illela.

"Na tahi sayen kusoshi," in ji Labo, "na zauna shan fura wurin Gwaggo Shatu ta bakin tasha. Sai na ga wani abu rataye a rumfarta, naɗe cikin buhu. Ta ce ajiyar wani Na'Allah ce mai Landiroba, ta gaji da jiranshi. Na ce ɗan gwaggona ne, ta ba ni in kai mashi. Ta ce ko ubanshi ne ni ba ta ba ni."

Daga cikin gida aka ji Balki ta ƙyalƙyale da dariya.

A kan mobilet ɗin suka tafi, Labo na tuƙi, Na'Allah a baya gwiwoyinsa sun kusa kai kunnuwansa. Suka sami Gwaggo Shatu tana dama fura, tsohuwa siririya mai kaifin ido. Na'Allah ya gaishe ta ya ce shi ne mai ajiya.

"Kai ne wa?"

"Na'Allah, Gwaggo."

"Dut na Allah muke, ɗana. Wa ya san ka nan?"

Ya waiga yana neman shaida, sai wata mai sayar da barkono a rumfar gefe ta leƙo ta ce, "Ai wanga shi ne mai Masassara. Ƙanwata na aure Dogarawa, ta shiga motarshi sau guda, ta ce har gobe in ta tuna haƙoranta na kaɗawa."

Gwaggo Shatu ta miƙe ta sauko da buhun. Ta ƙi sakin su sai da suka shanye ƙwarya guda, ta ce mutumin da sunansa ya ƙetare iyaka ba ya barin rumfarta da yunwa.

A lokacin ana yaƙi can kudancin Najeriya, ana duba kaya sosai a kan iyaka. Wani ɗan duwan, cikin masu binciken kayan, ya kwance buhun, ya ga dogon ƙarfe mai baki, ya ɗan ja da baya. Labo ya ce ya ja sandar da ke cikinsa ya gani. Mutumin ya ja, ta fito a hankali tana turjiya, ya tura, ta koma haka nan. Ya ce in dai wannan bindiga ce, kafin ta tashi abokin gaba ya je gida ya ci tuwo. Ya miƙa musu abinsu.

Washegari Na'Allah ya kawo mota ƙarƙashin bedi. Ya yi zaton nan take za a ɗaura, amma Labo ya ajiye damfa gefe, ya sa jak ya ɗaga gaba. Ya kama taya da hannu biyu ya girgiza, aka ji ƙwas-ƙwas.

"Ka ji? Gaɓoɓin sandar sun cinye. Manyan tayoyinka sun hi ƙarhinsu. In munka ɗaura wancan ƙarhe a kan haka, ɓoye ciwon za shi yi, ran da sandar za ta cire ba za ka ji komi ba sai ka gan ka sama."

Wannan karon Na'Allah bai yi musu ba. Suka canza gaɓoɓin, suka ɗaure duk wani noti da ya saki, suka daidaita iskar tayoyi. Sannan aka zo kan damfa, nan ma ga wata matsala. Kunnen ƙarfen da ya zo da shi na motar da ba a ɗaga ba ne. Da suka gwada, maimakon ya kwanta daidai da sandar, sai ya tsaya a karkace kamar tsani. Labo ya yi ta kallonsa yana sosa ƙeya. Can ya tono wani guntun ƙarfen garma daga tarin tarkace, ya auna da tsinke, ya yanka, ya gasa shi ya lanƙwasa, ya huda. Na'Allah na riƙe da awartaki, tartsatsi na ƙona masa hannu yana cije baki don kada a yi masa dariya. Da aka ɗaure sabon kunnen a shasi, damfa ya kwanta sambal.

Saura a matse ɗaya kan a jikin sandar, sai aka kira azahar. Labo ya ce su je su dawo, kada ya taɓa. Suka yi salla, Labo ya tsaya gaisawa da mutane a ƙofar masallaci, gaisuwarsa kuwa ba ta da ƙarshe. Na'Allah ya dawo shi kaɗai. Noti biyu ne kacal suka rage. Ya shige ƙarƙashi ya matse su iya ƙarfinsa, bai lura tayoyin a karkace suke ba tun lokacin da aka juya su don a sami wurin aiki. Ya sauke jak, ya goge hannu. Labo na isowa ya tarar da inji na ruri.

"Na gama maka aikinka, Gajere. Hau mu gwada."

Labo ya dubi tayoyin, ya dube shi. Ya kama ƙofa ya haye da ƙyar.

Suka fita ta hagu lafiya lau. A bakin kasuwa Na'Allah ya so ya karya dama ya hau hanyar Tsarnawa, sitiyari ya ɗan juya kaɗan ya cije. Ya ƙara ƙarfi, ko gezau. Ga rumfunan mutane a gaba, dole ya koma hagu. Suka zagaya kasuwa suka dawo mahaɗar, ya sake gwadawa, ya sake cijewa. Wani mai tsire da ke bakin hanya ya ɗaga musu hannu a zagayen farko. A na biyu ya miƙe tsaye. Da ya sake ganinsu sai ya tare su da tsinken tsire, ya ce in shi suke wa zagaye su tsaya kawai su saya.

Labo ya yi dariya har hawaye na bin kumatunsa, hularsa ta faɗi ƙasan mota. Na'Allah ya so ya yi fushi, amma da ya ga mai tsiren na bin su da gudu sai shi ma dariyar ta ƙwace masa. Da hagu da hagu suka lallaɓa suka koma gareji.

"Ka matse shi tayoyi na kallon hagu," in ji Labo yana share ido. "Ya shige har ƙarshe tun ba a kai ko'ina ba, ina za shi samu sauran tahiya?"

Suka sassauta notin. Na'Allah ya miƙar da tayoyi sak, Labo ya ja damfa ya tsayar da shi rabi a ciki rabi a waje, sannan ya matse. Ya sa Na'Allah ya juya sitiyari har ƙarshen dama, ya dawo har ƙarshen hagu, shi kuma yana kwance a ƙasa yana duba ko wani abu na gogar wani. Babu.

Da la'asar suka hau hanyar Tsarnawa. Na'Allah ya taka totur har inda ta saba fara halinta, ya riƙe sitiyari gam, kafaɗunsa a ɗage. Taya ta daki dutse. Sitiyarin ya ɗan motsa sau ɗaya ya koma wurinsa. Ya nemi rami da gangan ya faɗa, haka nan. Ya saki numfashi, ya ji hannayensa sun yi sako-sako a karon farko tun farkon damina.

"Allah shi biya ka, Labo," ya ce. Rabon da ya kira shi da sunansa har ya manta.

Da suka kai wani fako mai faɗi ya tsaya, ya sauka ya zagayo. "Matsa can ka ja ta, ka ji aikin hannunka."

Labo ya gyara hula. "A'a, ja dai. Na ji daga nan."

"Kai dai matsa."

Labo ya kafa wa hanya ido. Can ya ce, "Ban iya ba."

Na'Allah ya ɗauka wasa ne. Ya dubi fuskarsa ya ga ba wasa. Mutumin da ya kwance injin motoci fiye da gashin gemunsa, ashe bai taɓa jan ko ɗaya ba. Maigidan da ya koya masa aiki ba ya barin kowa ya taɓa sitiyari, da ya buɗe nasa garejin kuma sai kunya ta hana shi tambaya. Kullum sai ya ce wa mai mota ya ja, shi yana son ya saurari inji.

Tsokana ta zo wa Na'Allah har baki, irin wadda za ta ishe shi shekara guda. Ya haɗiye ta, ya ce a ransa ba ta lalacewa, ya ajiye ta sai gaba. Ya cire rigarsa ya ninke ya sa wa Labo a baya don ƙafarsa ta kai.

"Taka kuloci. Ka hi ni sanin abin da ke cikinshi. Sa giya ta hwari. Yanzu saki a hankali, awa kana sauke tukunya."

Mota ta yi tsalle ta mutu. Ta sake yi ta sake mutuwa. Daga nan ta yarda, ta fara rarrafe a kan fako, Labo ya ƙanƙame sitiyari, harshensa a waje. Wasu awaki da ke kiwo suka ɗago suka dube su, suka ga ba abin gudu ba ne, suka ci gaba da cin ciyawa.

Labo bai yarda ya sauka ba. A giya ta fari ya ja ta har cikin Konni, masu keke na wuce su suna waige, har ƙofar gidansa. Birkin da ya taka sai da goshin Na'Allah ya gaida gilashi. Matar Labo, Mariyama, ta leƙo daga zaure da tsintsiya a hannu, ta ga wanda ke zaune a mazaunin direba, ta tsaya baki buɗe.

"Ki kawo muna ruwa," in ji Labo, yana ƙoƙarin ɓoye haki. "Daga tahiya muke."